Zalika Souley: wane fim nata ya dace a nuna wa ɗalibai ranar 13 ga Mayu?

Malama_Zariya ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Ƙungiyar al'adu ta lisenmu a nan Maradi tana shirin bikin Ranar Matan Nijar, 13 ga Mayu. Bana an tsai da shawara cewa maimakon jawabai da rawa kaɗai, za a yi daren majigi a filin makaranta a kan marigayiya Zalika Souley, ƴar wasan fim ta Nijar. Ɗaliban manyan azuzuwa ne da iyayensu, ana sa ran mutum ɗari biyu ko fiye.

Ina neman tarihin aikinta a jere, wanda za a iya tsayawa gaban yara a faɗa ba tare da wani ya ƙaryata ba, don shekarun da ke intanet suna saɓa wa juna. Sannan ana ta cewa ita ce mace ta farko da ta yi fim a Afirka, shin haka ne? Kuma yaya aka yi macen da fim ɗinta ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, ta ƙare a ɗaki biyu ba famfo? Yaran za su tambaya, ba na son in ce masu ƙaddara kawai in yi shiru. Daga ƙarshe, wane fim ɗin ya kamata mu nuna, tun da akasarin iyayen ba su jin Zabarmanci ba su karanta Faransanci?

Baba_Majigi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa albarka a wannan shiri.

An haife ta a Yamai ranar 7 ga Oktoba 1947, ta rasu ranar 27 ga Yuli 2021. Ƙarfin aikinta yana tsakanin 1966 da 1983, kuma kusan dukansa a hannun daraktoci uku ne: Moustapha Alassane, Oumarou Ganda da Djingarey Maïga. In yaran suka riƙe sunayen nan uku, sauran abu mai sauƙi ne.

Ta fara ne a 1966, tana ƴar shekara 18 zuwa 19, a Le Retour d'un aventurier na Alassane. Fim ne mai kala, minti 34. Wani saurayi, Jimmy, ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Kowa ya ɗauki sabon suna, suka hau dawaki suka hana ƙauyensu sakat. Ita kaɗai ce mace a cikin gungun, sunanta Reine Christine: wando, hula malafa, bindiga a ƙugu, a kan doki. Djingarey Maïga ma a nan ya fara, shi ne Black Cooper. Mutane da yawa suna ɗaukar fim ɗin a matsayin abin dariya kawai, alhali Alassane yana magana ne a kan abin da siliman Amurka ke yi wa kan samari. A shekarar ce kuma Serge Moati ya yi wani gajeren fim, Les Cow-boys sont noirs, a kan yadda aka ɗauki wancan, inda ake ganin ƴan wasan a bayan fage. Ga malamar makaranta wannan yana da amfani sosai, don yana nuna wa yaro cewa wasa aiki ne da ake shiryawa.

Sai Cabascabo na Ganda, baƙi da fari, minti 45. Tsohon sojan Faransa ne ya dawo daga yaƙin Indoshin da ɗan kuɗinsa, abokai da maroƙa da mata suka cinye, ya koma ba shi da ko dala. Ganda da kansa ya fito a matsayin Cabascabo, kuma shi ma ya yi wannan yaƙin yana yaro matashi. Zalika ta fito a Hawa, macen da ke cikin waɗanda suka ci kuɗin. An zaɓi fim ɗin a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, aka kuma nuna shi a Mosko a shekarar.

Le Wazzou polygame shi ne babba. Minti 50, mai kala, da Zabarmanci. Wani mai kuɗi ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan Satou wadda aka riga aka yi wa Garba alkawarinta. Iyaye suka bi kuɗi. Matarsa ta biyu, Gaïka, ta ƙi yarda, ta shirya kashe amarya, kisan ya faɗa kan wata daga cikin ƙawayen amarya. Gaïka ita ce Zalika. Wannan fim ne ya ci Étalon de Yennenga, babbar kyautar FESPACO, a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka taɓa ba da kyautar. Ki lura, ta darakta ce da fim ɗinsa, ba ta ƴar wasa ba, kar a ce wa yara Zalika ta ci Yennenga.

A 1972 ɗin ta koma wurin Alassane a FVVA, wato mata, gida, mota, kuɗi: labarin ƙaramin ma'aikacin gwamnati da son rayuwar manya ya kai shi ga taɓa kuɗin hukuma har kurkuku. Sotigui Kouyaté yana ciki, tun bai yi suna a duniya ba. Sai Saïtane na Ganda, inda wani malamin tsibbu ke zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi, ita ce matar. Bayan nan L'Exilé a 1980, fim ɗin Ganda na ƙarshe, a kan nauyin alkawari. A 1983 ta fito a Aube noire na Djingarey Maïga, da Pétanqui na Yéo Kozoloa a Kodebuwa.

To Malama, ki sake duba jerin nan. Ƴar daba a kan doki, mace mai cin kuɗin maza, kishiya mai kisa, matar aure mai cin amana. Wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibanki su fahimta kafin komai. Daraktocin nan finafinan sukar al'umma suke yi, dole labarin ya samu macen da za ta ɗauki mugun hali. Matan da iyayensu za su bari su tsaya gaban kamara a Yamai ta wancan lokaci ƴan kaɗan ne, wadda za ta yarda ta ɗauki irin wannan matsayi kuwa ta fi ƙaranci. Duk lokacin da aka buƙata sai a koma wurin wadda ta iya. Ƴan kallo kuma sun saba da matan Indiya da na Amurka, waɗanda ba za su taɓa gamuwa da su ba. Zalika kuwa ga ta a allo da dare, da safe ga ta a kasuwa, da wandonta. Sai aka haɗe Gaïka da Zalika aka mai da su mutum ɗaya. Iya wasanta ne ya jawo mata zagin: da ba ta iya ba, ba wanda zai yarda har ya tsane ta.

A ganina wasanta a Wazzou ya fi duk sauran. Ku sa ido a wuraren da ba ta magana, inda take sauraron ana shirin auren.

Ɗan_Gulbi16 ya rubuta:

Baba ya gama da jerin. Bari in ɗauki tambayar kuɗin, don amsarta a cikin zaren fim ɗin kansa take.

Finafinan nan na farko a kan zare mai faɗin milimita 16 aka ɗauke su. Gidajen siliman kasuwa kuwa injinansu na milimita 35 ne. Kafin fim ɗin 16 ya shiga siliman da ake sayen tikiti, sai an kai shi ɗakin wanki a Turai an faɗaɗa shi zuwa 35, kuma wannan kuɗi ne mai yawa. Sannan ga tsawo: mai silima yana son abin da zai cika dare, minti 90 ko fiye. Minti 34, 45 da 50 ba su cika masa dare. Na uku, har farkon shekarun 1970 kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai da akasarin gidajen silima a ƙasashenmu masu Faransanci. Suna sayen tsofaffin finafinan Amurka, Indiya da Faransa da araha a dunƙule, su yi ta juya su daga gari zuwa gari. Ba su da dalilin biyan ɗan ƙasa.

To ina finafinan suka tafi? A 1963 ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin silima a Faris ƙarƙashin Jean-René Debrix. Ofishin yana ba da ɗakin montaj da ma'aikata, yana kuma sayen hakkin nunawa na kyauta, wato a cibiyoyin al'adu, makarantu da ofisoshin jakadanci. Darakta yakan karɓi kuɗin nan ya toshe bashin wanki da na zare. Kamar manomin gyaɗa ne da ya sayar da amfaninsa tun yana ganye: fim zai yi ta yawo shekara da shekaru, ana tafa masa a bukukuwa, amma ba tikiti, ba abin da ke dawowa. In darakta bai samu ba, ƴar wasa da aka sallama sau ɗaya a lokacin ɗauka mi za ta samu? Sunanta ya kai Cannes da Mosko da Wagadugu, kuɗi bai biyo sunan ba.

Ga wani lissafi da za ki iya yi da ɗalibai a allo, yana nuna wuyar aikin. Zaren 16 yana tafiya hoto 24 a daƙiƙa, kusan mita 11 a minti. Gwangwanin mita 120 minti 11 ne ke nan, ƙaramin na mita 30 bai kai minti 3 ba. Cabascabo mai minti 45 kusan mita 500 ne bayan an gama. In an ɗauki kowane fage sau uku, mita 1,500 ake buƙata, kuma kowace mita daga waje ake sayo ta, waje ake mayar da ita wanki. Saboda haka ba a maimaita ɗauka yadda ake yi yau da kamarar dijital. Kuma ba wanda ke ganin abin da aka ɗauka sai bayan makonni, in zaren ya je Faransa an wanke. Ƴar wasa ba ta da damar ta duba fuskarta ta gyara gobe. Ba makarantar wasa ta yi ba, ba ta ganin kanta, kuma kuskurenta mita ce da ta ƙone. Wanda ya san haka zai kalli Gaïka da wani ido.

Sai rushewar. Oumarou Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana ɗan shekara 45, shi ne ya fi kowa ba ta aiki. A daidai lokacin farashin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta tsuke hannu. Hukumar rarraba finafinai ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, CIDC, wadda ɗan Nijar Inoussa Ousseini ya shugabanta daga Wagadugu, ita ce aka sa ran za ta buɗe wa finafinanmu ƙofar silima, amma ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1980, musamman don ƙasashe ba su zuba kason harajin tikiti da suka yi alkawari. Bidiyo ya shigo gidaje, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin hayar fim daga waje ya ninka, gidajen silima suka yi ta rufewa. Tana da shekara 36 a 1983, lokacin da ƴar wasa ke kan ganiyarta, sana'ar ta kusa ƙarewa a ƙasar baki ɗaya. Ba fansho, ba hakkin da ke shigowa.

Halin da Rahmatou Keïta ta same ta ke nan a fim ɗinta Al'lèèssi, une actrice africaine, wanda aka nuna a Cannes a 2005: ɗaki biyu a Yamai, da ɗiyanta huɗu. Fim ɗin ya rufe da bayanin cewa ta fita ƙetare tana aikatau a gidan mutane. Wannan ce amsar da za ki ba yaran, kuma kowane mataki nata yana da shekara da suna.

Hajiya_Mokoyo ta rubuta:

Ƙanwata Malama, kar ki bari a rubuta "mace ta farko a fim a Afirka" a jikin tuta, wani malamin tarihi zai kunyata ku. Masar tana da Aziza Amir tun 1927, ta yi wasa ta kuma shirya fim da kuɗinta. Ko a kudu da Sahara, a 1966 ɗin nan ce Mbissine Thérèse Diop ta Senegal ta fito a La Noire de... na Sembène Ousmane. Bambancin shi ne Diop ba ta yi finafinai da yawa bayan nan ba, Zalika kuwa ta riƙe abin a matsayin sana'a, fim bayan fim, shekara 17 a jere. Ku rubuta "tauraruwar farko ta siliman Nijar, kuma ɗaya daga cikin matan farko da suka mai da wasan fim sana'a a Afirka kudu da Sahara". Wannan ba mai iya rushe shi.

Saɓanin shekaru kuma ba ƙarya kowa ya yi ba. Wasu suna rubuta shekarar da aka ɗauka, wasu shekarar da aka fara nunawa, kuma tsakaninsu akwai tafiyar zare zuwa Faransa da jiran kuɗi. Shi ya sa za ki ga Cabascabo 1968 ko 1969, Wazzou 1970 ko 1971, Saïtane 1972 ko 1973. Ki zaɓi ƙa'ida ɗaya ki bi ta har ƙarshe. Shekarun bukukuwa su ne ba su motsi: Cannes 1969, FESPACO 1972. In kina bincike ki gwada Moustapha da Mustapha, Saïtane da Saitane, don kundayen waje kowa da yadda ya rubuta.

Tun da 13 ga Mayu ce, a tuna wa yaran asalin ranar: a 1991 mata suka yi tattaki a Yamai don an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya Taron Ƙasa. Zalika ta hau dokinta shekara 25 kafin wannan tattaki.

Malama_Zariya ta rubuta:

Na gode Baba, na gode Yaya Ɗan_Gulbi, Hajiya Allah ya ƙara girma, an gyara rubutun tuta. Saura zancen nunin. Akwai kofen Wazzou a YouTube amma hoton ya yi ja, fuskoki sun yi faɗi. Sannan wani dattijo a unguwarmu ya ce yana da gwangwanayen zare na 16 a ɗakin ajiya, ya ce mu zo mu duba ko akwai nata. Makaranta tana da majigi na kwamfuta da bafil biyu.

Mai_Ralanj ya rubuta:

Malama, fara da gwangwanayen. Kar a saka su a inji ko da an samu mai aiki. A buɗe a waje, a inuwa, a shinshina. In warin tsami irin na binegar ya tashi, zaren ya fara ruɓewa: ledar asetat ce ke sakin asid saboda zafi da laima, kuma ɗakin ajiya mai rufin kwano a Maradi yana wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Zaren yana ƙanƙancewa, ramukan gefensa su daina dacewa da haƙoran inji. Da ya ƙanƙance da kashi 1 cikin 100, injin zai yayyaga shi, kuma wataƙila kofen da ya rage ke nan. A ware masu warin daga marasa wari don yana yaɗuwa, a kwantar da gwangwanayen a kwance, a ɗauki hoton rubutun da ke jikinsu, a sanar da cibiyar silima ta ƙasa, CNCN, a Yamai. Ba abin tsoron gobara, zaren 16 ba a taɓa yin sa da nitrat mai kamawa da wuta ba.

Jan da kika gani a YouTube daga tsohon kofe aka kwafo. Launin shuɗi da rawaya sun fi saurin kwaɗewa, sai ja ya rage. Wannan ba ya gyaruwa a majigi. Ki nemi kofe mai kyau da izini a rubuce: kamfanin Argos Films na Faris ne ya fitar da Retour, Cabascabo da Wazzou, Cinémathèque Afrique, taskar finafinan Afirka da ke Faransa, kuma tana ajiye da finafinan wancan zamani don nunin da ba na kuɗi ba. CNCN da ofishin hakkin mallaka, BNDA, za su nuna maki ƙofar da za ki bi. Wasiƙar ta ƙunshi sunan makaranta, rana, yawan mutane, da cewa shiga kyauta ce. A aika da wuri, wata biyu ba su yi yawa ba. Al'lèèssi kuma izininsa wurin mai shi yake.

Faɗin fuska kuwa laifin saiti ne. Hoton 16 na lokacin 4:3 ne, an miƙe shi zuwa 16:9. A VLC, manhajar kunna bidiyo a kwamfuta, danna A har ya koma 4:3, a duba majigin ma kar ya sake miƙewa. Baƙin da zai fito hagu da dama daidai ne. In hoto yana yin layi-layi lokacin da doki ke gudu, danna D. In baki da murya ba su haɗu ba, J da K suna matsar da sauti, G da H suna matsar da rubutun fassara. In kin ga Wazzou ya nuna minti 48 maimakon 50, ba yanke shi aka yi ba: an kwafo shi a hoto 25 a daƙiƙa irin na tele, ya ƙara sauri da kashi 4 cikin 100.

Allo: farin yadi mara sheƙi, faɗi mita 3, tsayi mita 2.25, ƙasansa ya tashi mita 1.5 daga ƙasa don kawunan na gaba. Shadda ba ta yi, tana mai da haske ido. A jingina shi da bangon aji, a ɗaure kusurwa huɗu da tsakiya. In aka rataye shi tsakanin itace biyu, iskar Mayu za ta mai da shi tuta. Akasarin majigin makaranta suna cika faɗin mita 3 daga nisan mita 4.5 zuwa 5. Majigi mai ƙarfin haske lumen 3,000 ya isa in an kashe fitilun fili. Rubutun fassara ba ya karantuwa bayan mita 13 ko 14, don haka masu karanta Faransanci su zauna cikin wannan tazara. Tabarmi gaba, benci baya.

Wuta: majigi kusan wat 300, kwamfuta 65, bafil biyu ƴan ɗaruruwa. Gurup, wato janareta, na kVA 2 ya ɗauka, yana shan kusan lita ɗaya a awa, a tanadi lita 5. A ajiye shi mita 25 zuwa 30 bayan gini, da waya mai kauri 2.5, don sautin tsofaffin finafinan nan siriri ne, ƙarar gurup tana cinye shi. Majigi ya bi ta ondilar, wato na'urar batir mai riƙe wuta in ta yanke. In wuta ta yanke kai tsaye, fankarsa ta tsaya kwan fitila yana da zafi, nan yake lalacewa. A kakkaɓe matatar ƙurarsa da rana, a ɗora shi kan tebur ba a ƙasa ba, a sa ƙaramar fanka ta gefe, don da dare ma zafin Mayu yana sa shi kashe kansa. Sautin mono ne, a tabbata yana fita ta bafil biyun, a ajiye su gefen allo ba bayan mutane ba.

Tsakiyar Mayu rana tana faɗuwa wajen bakwai saura minti goma, isha'i wajen takwas da ƴan mintoci. Takwas da rabi za ku fara. A buɗe wani babban aji a ajiye, da leda babba kusa da tebur, hadarin farko ba ya sallama.

Baba_Majigi ya rubuta:

Mai_Ralanj ya gama nasa. Saura zaɓi, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi.

Kar ku fara da Wazzou. Garin Alhazai muke, fim ɗin kuma Alhaji yake suka, ga kishi ga kisa. In shi iyaye suka fara gani ba shiri, rabin fili zai tashi da cewa an zagi addini, sauran rabin su tafi da cewa matar nan muguwa ce, wato a sake yi mata abin da aka yi mata a 1972. Alhali Ganda ba hajji ya soka ba, mutumin da ya mai da sunan Alhaji jari ya soka. Cabascabo ma akwai mashaya a ciki, sai shugaban makaranta da wakilin iyaye sun kalla tukuna.

Ku fara da Retour, minti 34. Akwai dawaki da dariya, labarin yana fahimtuwa ko ba a jin maganar, yaran za su gan ta tana yarinya kamar su. A huta minti 10, ɗaliba ɗaya ta karanta tarihin a minti 5, ba fiye ba. Sai Al'lèèssi, kusan minti 70, wanda ke ɗauke da guntayen tsofaffin finafinan tare da ita kanta tana bayani. A nan ne mai kallo zai ga Gaïka, ya kuma ga dattijuwar da ta yi Gaïka, a dare ɗaya. Za ku tashi wajen goma da rabi. Wazzou a bar shi wani dare, na ɗalibai da malamai, da muhawara bayansa.

Hajiya_Mokoyo ta rubuta:

Na yarda da tsarin Baba, sai dai goma da rabi ya yi dare ga ƴan mata masu komawa Burja ko Ali Ɗan Sofo a ƙasa. A rage hutun, a kuma ce kowace ta zo da babba.

Zancen fassara zuwa Hausa kuma, kar a bar shi sai ranar. A samu mutum biyu, mai jin Zabarmanci da mai Faransanci, su zauna da fim ɗin tun da mako biyu, su rubuta kowane fage da mintinsa da jimla ɗaya ko biyu ta Hausa. Kar a fassara daga rubutun Faransancin kaɗai, taƙaitawa ce, gatse da habaici duk sun zube a ciki. Mai fassara ya yi magana a gurbin shiru, a rage sautin fim zuwa rabi lokacin da yake magana, kar a kashe, a bar muryarta ta fito. Mace ta fassara maganar Zalika, namiji ya ɗauki sauran. A gargaɗe su tun farko cewa ba fassarar Indiya-Hausa ba ce, ba a ƙara barkwanci ba a laƙaba mata suna. Makirufonsu ya shiga ta layi dabam a mikisa, su zauna bayan layin bafil don kar ya yi kuka, kuma a gwada duka a filin, da dare, kwana biyu kafin ranar.